Rana Ɗaya Ta Mai Kaya

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Tun ina ƙarami nake jin wannan karin magana, na kuwa ɗauka cewa da zarar an kama ɓarawo, to ranar mai kaya ta zo ke nan. Abin da ya sami mahaifina shi ya nuna mini cewa ana iya kama ɓarawo, a gano kaya, a kuma sake shi ya koma gida, duk ba wanda ya leƙo ya gaya wa mai kayan komai.

Mahaifina tela ne. Yana da shago a bakin kasuwar garinmu, ya fi shekara ashirin yana ɗinki a ciki, da wannan sana'a ya ci da mu ya kuma sa mu makaranta. A cikin azumin shekarar 2024, saura kwana tara salla, muna hutu, aka fasa shagon da dare. Kowa ya sani babu lokacin da shagon tela ke cika da kayan mutane kamar goman ƙarshe. Ɓarayin ba su taɓa kwaɗon ƙofa ba, ta baya suka ɓamɓare kwano suka dira. Suka kwance kan keken ɗinki biyu da na surfani ɗaya, suka bar mana ƙafafun a tsaye, sa'an nan suka kwashe shadda da yadi da atamfa na mutum talatin da ɗaya. Waɗansu an gama ɗinki saura guga, waɗansu ko yankawa ba a yi ba. Na san adadin domin ni na ƙidaya sunayen a littafin awo na Baba, wanda ɓarayin suka yar a ƙasa don ba shi da amfani a gare su.

Da gari ya waye Baba ya ce in bi shi ofishin 'yan sanda tun da ni ke jin Turanci. Gaskiya ba a wulakanta mu ba. Kofur ɗin da ke kan kanta ya ba Baba benci, ya yi masa jaje, ya saurare shi da Hausa, amma da ya zo rubutawa sai ya rubuta da Turanci, ya juyo takarda ya ce a sa hannu. Baba ya riga ya karɓi biro, sai na ce, "Baba, bari in karanta tukuna." Da na duba sai na ga keke biyu aka rubuta, ba a sa na surfani ba, alhali kuwa shi ya fi duka tsada. Kayan mutane kuma an dunƙule su cikin kalma biyu da ke nufin waɗansu tufafi, ba adadi, ba iri. Na nuna wa kofur cikin ladabi, ya gyara maganar keke, ya ce ta tufafin ba komai, haka ake rubutawa. Baba ya sa hannu. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za a ba ni 'yar takarda ba, in nuna wa masu kaya cewa na kawo magana?" Kofur ya ce, "Baba, wannan ta ofis ce. Ka je gida, in an sami labari za a neme ka." Aka ce kuma babu mai a mota, Baba ya saya. Suka zo suka ɗaga kai suka dubi kwanon da aka ɓamɓare, suka tambayi mai gadin layi, suka tafi.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a kan takarda, ai keke aka sace ba takarda ba. To, ga abin da ya biyo baya. Yawancin masu kaya mutanen kirki ne, suka ce Allah ya mayar da alheri, suka tafi. Amma mutum talatin da ɗaya ba su zama ɗaya. Wani bawan Allah da ya kawo shadda mai tsada ya kai Baba gaban mai unguwa, ya ce shi bai yarda an yi sata ba, sayar da kayan aka yi don a yi hidimar salla. Mai unguwa ya san Baba tun suna yara, amma dole ya yi tambaya, ya ce, "Malam, ina takardar 'yan sanda?" Babu. Malamin da Baba ke ɗaukar karatu a wurinsa kuma ya gaya masa gaskiya, cewa a mazhabar Malikiyya mai sana'a irin tela da maƙeri shi ke biyan kayan da aka ba shi in sun salwanta a hannunsa, sai fa in ya kawo shaida cewa ba sakacinsa ba ne. Shaidar da ta fi kowace ƙarfi tana can cikin wani fayil, da sa hannun Baba a ƙasanta, amma shi ba shi da ikon riƙe ko kofenta. Tumakin Inna biyu aka sayar aka biya mutumin. Kuɗin bai dami Baba ba kamar yadda aka tsayar da shi a gaban jama'a ana shakkar amanarsa, yana da furfura.

Daga nan aka shiga jeka-ka-dawo. Na koma makaranta, ƙanena ne ya riƙa ba ni labari in sun zo ranar ziyara. Sau goma sha ɗaya Baba ya je ofishin nan cikin wata uku, kowace tafiya kuwa sai ya rufe shago, ga shi keken haya yake aiki da shi. Yau a ce mai binciken ya fita aiki, gobe a ce ya tafi kotu, jibi a ce ana nan ana bincike. Ranar nan yana zaune sai mai shayin bakin tasha ya ce masa, "Af, Malam, ashe an kama ɓarawonka?" Wai an kama wani saurayi a wani gari kusa da mu yana neman mai sayen kan keken surfani, har ya kwana huɗu a tsare. Mai shayi ya ji, 'yan acaɓa sun ji, mai kaya ne kaɗai bai ji ba. Baba ya ɗauki rasit ɗin da ya sayi keken da shi, ya garzaya. Aka duba lambar da ke jikin keken, ta yi daidai da ta rasit. (Ku tuna, da ban karanta takardar nan ba, da babu keken surfani a cikin abin da Baba ya ce an sace masa, da sai a tambaye shi yaya aka yi ya zama nasa.) Baba ya yi hamdala, ya miƙa hannu zai ɗauka, aka ce a'a, wannan ya zama kayan shaida, sai an gama shari'a. Wace kotu? Wace rana? Za a neme ka.

Ba a neme shi ba. Da ya sake komawa sai ya tarar an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya ce shi ba a miƙa masa wannan fayil ba. Bayan wata biyu Baba ya ga saurayin nan da idonsa a tasha yana cin rake. Shin beli aka ba shi? Ko sallamarsa aka yi? Ko an kai magana kotu ne aka kira mai ƙara ba a gan shi ba, aka kori shari'ar? Ba wanda ya gaya mana. Abin da muka sani shi ne yaron ya san fuskar Baba, ya san shagonsa, ya kuma san shi ya je ya nuna keken. Inna ta hana Baba zama a shago bayan magariba har tsawon damina. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wannan abu ya sa na fara tambaye-tambaye, na dami malaminmu na darasin Gwamnati, na dami wani yayana ɗan baffanmu da ke karatun lauya, har ya gaji ya ara mini littattafansa. Abin da na fara gani ya ba ni mamaki. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya zayyana hakkin wanda ake tuhuma dalla-dalla. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama sai an sanar da shi dalilin kama shi a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji. Sashe na 36 ya ce ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, yana da ikon ɗaukar lauya, a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, in an gama kuma yana da hakkin karɓar kofen hukunci cikin kwana 7. Kada wani ya ce ina jin haushin wannan. Ko kusa. Mun sha jin an kama mutum a kan zato ya share watanni a tsare, kuma gobe yana iya zama ni ko kai. Abin da nake cewa shi ne a duba a gani: saurayin da aka kama da keken Baba doka ta ce a gaya masa komai a rubuce da harshensa, shi kuwa Baba an sa shi ya sa hannu a kan Turancin da ba ya ji, an kuma hana shi kofe.

Yayana ya bayyana mini inda gizo ke saƙa. A tsarin shari'ar da muka gada daga Turawan Ingila, laifi ana ɗaukarsa an yi wa hukuma ne. Shi ya sa in ka je kotun majistare za ka ji ana kiran shari'a da sunan Kwamishinan 'Yan Sanda da wane, ba da sunan wanda aka cuta ba. Mai kaya shaida ne kawai, kamar mai gadin layi. In an bukace shi a kira shi, in ba a bukace shi ba ya zauna gida. Wannan kuwa ya saɓa wa abin da muka tashi muka sani. A shari'ar Musulunci in an kashe mutum ko an yi masa rauni, shi ko waliyyansa su ake tambaya ko suna son kisasi, ko diyya, ko sun yafe. Alƙali ba ya yanke wannan a bayan idonsu. Ko a gaban mai unguwa ma, ba a sasanta magana mai ita ba ya nan.

Kada in yi wa dokokinmu ƙarya, ba su manta da wanda aka cuta gaba ɗaya ba. Tun dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 78 ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka, wadda tun a sashenta na farko ta ce an yi ta ne don kare hakkin wanda ake zargi, da wanda ake yi wa shari'a, da wanda aka cuta. Sashe na 319 ya ce kotu na iya sa a biya wanda aka cuta, har da kuɗin magani, ban da tara ko ɗauri. Sashe na 270 kuma ya ce in mai gabatar da ƙara zai daidaita da mai laifi ya amsa laifinsa a sassauta masa, sai an ba wanda aka cuta dama ya faɗi ta bakinsa. Jihohi suka yi tasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. A 2017 ɗin nan kuma aka yi wata doka da ta tilasta wa kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba da bindiga nan take, ko da takardar 'yan sanda ko babu, daga baya asibitin ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara magani. Kafin wannan doka mutane sun sha zubar da jini a ƙofar asibiti ana jiran takarda. Ashe takardar 'yan sanda abu ce mai nauyi, har tana tsayawa tsakanin mutum da ransa, amma in shi ya nemi tasa sai a ce ta ofis ce.

To amma ku lura da wani abu. Biyan hasara da jin ta bakin mai kaya duk a kotu ake yinsu, a ƙarshen tafiya. Maganar Baba kuwa ba ta kai nan ba, ko in ta kai, ba ta kai da shi ba. Tsakanin ranar da mutum ya kai ƙara da ranar da za a tsaya gaban alƙali akwai wani dogon daji, watau lokacin bincike, a nan ne fayil ke ɓata, a nan ake canja ma'aikaci, a nan ake ba da beli, a nan kayan shaida ke tsatsa. A wannan dajin ne mai kaya ke tafiya ba fitila. Tun ranar 29 ga Nuwamba 1985 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wata sanarwa a kan adalci ga waɗanda aka yi wa laifi, a cikinta an nemi a riƙa sanar da su yadda maganarsu ke tafiya da yadda ta ƙare, a kuma kiyaye lafiyarsu da ta iyalinsu daga ramuwa. Shekara arba'in ke nan, ba a haifi yayana ba ma a lokacin.

Waɗansu ƙasashe sun mayar da wannan magana aikin yau da kullum. Zan kawo Indiya domin dangantakarmu da ita a nan ta kusa ce: Final Kod ɗinmu daga dokar Sudan aka ɗebo shi, ta Sudan kuwa daga dokar Indiya ta 1860, har takardar rahoton farko da ake kira F.I.R. a kotunanmu na Arewa su ma haka suke kiran tasu. A can, tun dokarsu ta 1973, duk wanda ya kai rahoton babban laifi sai a rubuta, a karanta masa, ya sa hannu, a ba shi kofe nan take kyauta. Sabuwar dokarsu da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024 ta ƙara da cewa ɗan sanda ya sanar da shi inda bincike ya kai cikin kwana 90, ko da ta waya ce. A Ingila kuma, inda muka ɗauko tsarin da ya mai da mai kaya shaida, su da kansu sun gyara nasu. Tun 2006 suke da ƙa'idar kula da waɗanda aka yi wa laifi. Yadda take a yanzu, in ka kai ƙara za a ba ka shaida a rubuce da lambar ƙararka da hanyar da za ka sami ɗan sandan da ke riƙe da ita, in an kama wani ko an ba shi beli ko an sallame shi, a gaya maka cikin kwana 5 na aiki. Ban ce a can ba a saɓa wa ƙa'ida ba, ɗan Adam ko'ina ɗan Adam ne. Amma mutum ya san abin da zai nema, ya san kuma an tauye shi in ba a ba shi ba. Baba kuwa roƙo yake yi, yana ranka ya daɗe, kamar mai neman sadaka.

Na san abin da 'yan sanda za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Za su ce bincike sirri ne. In aka buɗe wa kowa fayil, sunan wanda ya tsegunta zai fita, gobe a tsince shi a kwalbati. In aka gaya wa mai kaya sunan wanda ake zargi tun ba a tabbatar ba, yana iya tara matasan unguwa su ɗauki doka a hannunsu, mun kuwa ga yadda ihun ɓarawo ke kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Akwai kuma masu kai ƙarar ƙarya don su sami takarda su cuci wani da ita. Ko Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane mutum ikon rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani a amsa masa cikin kwana 7, ta yarda a sashenta na 12 a hana abin da zai ɓata binciken da ake cikin yi ko ya tona asirin mai ba da labari. Duk na yarda. Amma wane sirri ne a cikin maganar da Baba ya faɗa da bakinsa? Wa za a tona wa asiri in an ba shi kofen abin da shi ya sa wa hannu? In an ce masa lambar ƙararka kaza, mai bincikenka wane, an kai magana kotu kaza ranar kaza, wace shaida ce za ta lalace? Ita dokar ta 2011 ma ta ce in za a hana ka sai an gaya maka dalili a rubuce. Mai ƙarar ƙarya kuwa, kofen da ke hannunsa shi ne zai kama shi ranar da gaskiya ta fito, tun da ba zai iya canja magana ba.

Za su kuma ce ba su da kayan aiki. Wannan ma na gani da idona. Takardar da aka rubuta bayanin Baba a kai, kofur ɗin daga aljihunsa ya ciro kuɗi ya aiki yaro ya sayo. Wayarsa ta kansa yake kira da ita. Ofishin da ba a ba shi mai ba ina zai sami na'urar buga kofe? Laifin wannan yana wuyan waɗanda ke raba kuɗin ƙasa, ba na kofur ba. Amma kada a fake da guzuma a harbi karsana. Masu shagon caji da masu sayar da maganin gargajiya suna aiko mana da saƙon waya kullum ba mu tambaye su ba. Mai sayar da buhun siminti yana da littafin rasit mai takardar kwafi a tsakani, ya rubuta sau ɗaya ya yage ya ba ka ɗaya ya riƙe ɗaya. In ɗan kasuwa ya iya wannan saboda buhu guda, hukuma ba za ta kasa ba saboda dukiyar mutum da mutuncinsa.

Abin da nake roƙon 'yan majalisunmu na jiha da na tarayya su rubuta a doka ƙarara, yadda kofur da tela duk za su gane, ba shi da yawa. Duk wanda ya kai ƙara a karanta masa bayaninsa da harshen da yake ji kafin ya sa hannu, a ba shi kofe da lambar ƙara kyauta kafin ya bar kanta. In an kama wani, ko za a ba shi beli, ko an sa ranar kotu, ko an rufe magana, a sanar da shi, ko da saƙon waya na layi biyu ne. Maganar beli ita ta fi damuna, domin ta shafi rai: ba na cewa a hana beli, hakkin mutum ne, amma wanda ya nuna ɓarawo ya kamata ya ji an sake shi kafin su yi kiciɓis a tasha. In an canja wa mai bincike wurin aiki, ya miƙa fayil hannu da hannu a rubuta wanda ya karɓa. Kayan da mutum ke cin abinci da su kuma, kamar keke ko babur ko injin markaɗe, a ɗauki hotonsu a rubuta lambarsu, a mayar masa bisa alkawarin zai kawo su duk ranar da kotu ta nema. Kuma a manna wannan duka a bangon ofis da Hausa da ajami, kusa da takardar nan da ke cewa beli kyauta ne.

Kafin a yi wannan, mu ɗalibai akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Iyayenmu da yawa ba su yi boko ba, sun sa mu ne don irin wannan rana. In wani abu ya faru a gida, Allah ya kiyaye, ka bi mahaifinka, ki bi mahaifiyarki. Ku karanta kafin a sa hannu, ku fassara musu kalma kalma, in an bar wani abu ku faɗa cikin ladabi. Ku riƙe littafi ku rubuta ranar da aka je, da sunan wanda aka gani, da abin da ya ce. Iyayenmu kuma su daure su riƙa adana rasit, ko ya tsufa, domin wata 'yar takarda da ta yi shekara tara a ƙasan adakar Inna ita ta tabbatar da keken Baba. Mu ma nan makaranta mu dubi kanmu. In an fasa akwatin ɗan aji ɗaya a ɗakin kwana, shugabannin ɗalibai sukan yi bincike, a kama wanda ya yi, a hore shi gaban asambuli, kowa ya watse. Sau nawa aka koma wurin yaron aka ce ga sabulunka da garinka, ko ga abin da muka gano? Ni ban taɓa gani ba, har da bara da nake mataimakin shugaban ɗaki, na kuwa ji kunyar kaina da na tuna.

A babban hutun 2025, wata goma sha shida bayan satar, wani sufeto mai kirki da ya kawo wa Baba ɗinkin kaftani ya ji labarin, ya ce mu same shi a ofis. Aka buɗe ɗakin ajiyar kayan shaida, ga babura jibge, ga talabijin, ga buhunan da ɓera ya huda. Aka tono kan keken a ƙarƙashin wata tsohuwar taya. Aka kawo takarda Baba ya sa hannu cewa ya karɓa kuma zai kawo in an nema. Na karanta masa ita da Hausa. Na tambaya ko za a ba mu kofe, aka ce guda ɗaya ce. Sai na ciro littafin awo na Baba, na tsaya a kan kanta na kwafe ta baƙi da baƙi, da kwanan wata da sunan wanda ya ba mu, kofur yana kallona bai hana ni ba. Kwana uku Baba yana ɗiga wa keken kananzir kafin ya yarda ya juya. Sauran biyun, da kayan mutum talatin da ɗaya, an ce har yanzu ana bincike.